A Gidanmu Babu Ciwon Gado

Na daɗe ina so in rubuta wannan labari, in ɗauki biro in ajiye, domin abin da zan faɗa ya shafi bayan gida kuma ya shafi gidanmu, kuma duka biyun an koya mana ba a zancensu a gaban mutane. Yau dai na ajiye kunyar. Duk ɗalibin da yake ganin jini in ya zagaya yana yin shiru, da shi nake. Wanda kuma ya miƙa wa wani babba takardun jinyarsa ya koma ya kwanta hankali kwance, shi ma ya matso kusa.

Sunana Nafi'u. Ƙauyenmu yana gaba da Minjibir kaɗan, inda gona take haɗe da gona har iyakar ganinka. Gidanmu gandu ne har yanzu, rumbu ɗaya, magana ɗaya, kuma maganar ta Baffa Sale ce, yayan mahaifina. Baba ya haura hamsin, amma in Baffa yana magana ƙasa yake kallo. Cikin samari shida na gidan ni kaɗai aka ɗauke wa fartanya aka ce in tafi kwalejin horar da malamai a birni, da sharaɗin da Baffa ya faɗa a gaban kowa: dama ɗaya ce, in na zubar babu ta biyu. Lissafi nake karantawa. Ba yabon kai ba, a shekarar farko babu wanda ya sha gabana a ajinmu. Ba ni da gona tawa, ba ni da ko akuya, wannan gurbin karatun shi ne dukiyata.

Ciwon ya fara ne a shekara ta biyu, da zafin bazara. Satin farko murɗar ciki ce da gudawa, na ɗora wa mai wake da shinkafar bakin get laifi, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Na sayi magani a kemis. Ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa. A sati na uku na waiga na ga jini, da wani abu mai yauƙi kamar majina. Na daɗe a tsugune ina kallo, sannan na kwarara ruwa na fito na tafi lakca kamar ba a yi ba.

Banɗakunan ɗakin kwananmu huɗu ne, biyu sun toshe tun kafin mu zo makarantar. Ruwa kuma sai ka saya a wurin 'yan garuwa. Kullum ana ganina da buta a hannu, har abokai suka sa mini suna Liman. "Liman, wace sallar ce kuma yanzu?" Ni ma in yi dariya, ciki yana murɗawa. Na koma zama a bakin ƙofa a aji. Na daina cin abinci sai bayan la'asar don kada ya kama ni a lakca. Na huda sabon rami a bel ɗina da ƙusa, bayan kwana goma na ƙara wani.

Wata rana muna gwaji na nemi izinin fita sau uku. A na ukun malamin ya riƙe takardata ya ce, "Kai, a banɗakin ka ajiye littafin naka?" Aji ya kwashe da dariya. Da na ce masa ga abin da yake damuna, wataƙila da ya ji tausayi. Amma ta yaya zan faɗa, ga 'yan mata a layin gaba? Na bar masa takardar na fita da gudu, kuma ko a haka da ƙyar na kai.

Saura sati biyu jarrabawar zango jiri ya yar da ni a matakala. Abokan ɗakina suka sa ni a motar Minjibir da jakata a cinya.

Na tarar gida yana cikin farin ciki. An sa ranar auren Rabi, 'yar Baffa, bayan kaka, da wani ɗan gidan masu awon hatsi a Minjibir, gidan da Baffa ya daɗe yana alfahari da haɗa zuri'a da su. Kawun angon ma, Malam Ɗanjuma, akawu ne a ofishin sashenmu a kwaleji, mukan gaisa. Cikin wannan murnar na shigo da wuya kamar na zakara.

Baffa ya dube ni sama da ƙasa a zaure, ya ce, "Me yake damunka?"

Na ce, "Ciki ne, Baffa." Na yi ƙasa da murya. "Har da jini."

"Yo basir ne. Wane Bahaushe ne ba shi da basir? Zaman benci ne da cin taliyar birni."

Shi ke nan an yanke hukunci. Ranar kasuwa aka sayo jarka guda ta jiƙon sassaƙe-sassaƙe daga wurin mai maganin da yake talla da lasifika a bayan mota. Kofi da safe, kofi da yamma. Abin da nake yi sau takwas ya koma sau goma sha biyar. Da na koka, matan gida suka ce ai aikinsa ke nan, dattin yake fitarwa. Wannan ta kawo garin hulba, waccan ta ce in zauna a ruwan ɗumi da bagaruwa, wani maƙwabci ya ce fura da nono mai kauri ce za ta mayar mini da jiki. Na sha furar, na kwana ina sintiri. Kowa likita ne a garinmu in dai cikin wani ne.

Masai ɗaya ne a gidanmu, mu kusan talatin. Nan na gane ciwo yana da saurin gundurar mutane. Satin farko sannu ake mini. A na uku in na fito sai in tarar da mutum a tsaye da buta yana tsaki. Wani ɗan Baffa ya ce a gabana, "A gina masa nasa mana, ko a kai masa katifa ciki." Kuma a wajenmu babu dajin da za ka ce bari ka zagaya, ko'ina gonar wani ce, kuma mai ita yana ciki.

Inna kuwa, ni ne ɗanta na fari, don haka ko sunana ba ta kira, balle ta zauna kusa da ni a ce tana jinya. Sai dai duk wandon da na ɓata na cusa a ƙarƙashin katifa, washegari zan gan shi a kan igiya a wanke. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban taɓa ce mata na gode ba. Yanzu nake faɗa.

Da aka ga jarka ta biyu ta ƙare ina ƙara zubewa, Baffa da kansa ya kai ni wani asibiti na kusa da mu. Mun yanki kati da sassafe, ba mu ga ma'aikacin ba sai bayan azahar. Ya tambaye ni, "Sau nawa kake zagayawa a rana?" Baffa yana zaune a gefena, gwiwarsa tana taɓa tawa. Na ce, "Kamar sau uku." Ya ce akwai jini? Baffa ya ce, "Ɗan kaɗan, irin na basir. Da sauƙi ai." Aka ɗebi jinina, aka ce taifot ne, aka rubuta allurai na kwana bakwai. Ban ga laifin mutumin nan sosai ba. Abin da aka gaya masa ya yi wa magani, kuma rabin ƙaryar daga bakina ta fito.

Allurai suka ƙare, aka sake wasu. Damina ta sauka, kowa ya tafi gona, aka bar ni da tsofaffi da awaki. Wata Juma'a na fito daga masai, na ga tsakar gida tana juyawa, ban sake sanin inda nake ba sai a babban asibiti a birni, da leda a rataye a kaina. Leda biyu ta jini aka ƙara mini, ɗaya jinin Baba ne.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba na so. Da aka ce sai an yi wani gwaji na saka na'ura mai kyamara ta dubura a duba hanji, aka faɗi kuɗinsa, Baffa bai yi gardama ba. Ya koma gida ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarmu, ana tsakiyar aiki. Shekarar nan 'yan'uwana da hannu suka yi huɗar da ta rage, kuma ba su bari na manta ba. Duk abin da zan faɗa a kan Baffa nan gaba, a haɗa da wannan.

Sati uku muka jira layi ya zo kanmu. Aka ba ni wani ruwa na sha na wanke ciki, kamar ni ne mai buƙatar a taimaka masa wajen wannan. Gwajin kansa ba zan ba da labarinsa ba. Bayan kwana goma muka koma karɓar sakamako.

Likitar mace ce, ta manyanta, ba ta da yawan fara'a. Abu na farko da ta yi shi ne ta ce wa Baffa da Baba su jira a waje. Ta rufe ƙofa ta ce, "To, yanzu gaya mini gaskiya, sau nawa?" Na ce sau goma sha biyar, wani lokaci ashirin. Ta ce tun yaushe? Na ce wata huɗu. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Wata huɗu, sai ranar wani ya tambaye ni babu mai jin amsa sai shi.

Sannan ta kira su. Ta ce, "Sunan ciwon ulcerative colitis. Gyambo ne a babban hanji, jikinsa ne da kansa yake yaƙar hanjin. Ba basir ba ne, ba taifot ba ne, kuma ba a ɗauka. Amma ku ji ni da kyau: ba ya warkewa, kwanciya yake yi. In ana shan magani zai kwanta, ya yi karatunsa, ya yi aurensa. In aka daina zai tashi." Ta juya takarda. "Akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku? Wani lokaci yakan bi jini, ko da yake ba dole ba ne."

Baba ya buɗe baki, Baffa ya riga shi. "A gidanmu babu ciwon gado, likita."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta rubuta magunguna iri biyu: ƙananan ƙwayoyi da za a riƙa ragewa a hankali har a daina, da manya masu tsada waɗanda ta ce su ne na kullum. Ta kuma rubuta wasiƙa zuwa kwaleji, ta buga hatimi, ta bayyana ciwon da dalilin da ya sa ban rubuta jarrabawa ba, ta nemi a ɗage mini karatu zuwa shekara mai zuwa. Ta ce a kai da wuri. Na miƙa hannu, Baffa ya karɓa.

"Kai da ko tsayuwa ba ka iyawa? Jibi zan shigo kasuwar Dawanau, sai in biya in kai."

A tasha, da Baffa ya tafi alwala, Baba ya ce mini yana kallon wani wuri, "Kakanku haka ya yi ta zubar da jini shekara uku. Muna cewa basir." Bayan kwana uku na tambayi Baffa zancen wasiƙa, ya ce, "Na je makarantar taku. Ka kwantar da hankalinka." Na kuwa kwantar.

Maganin ya yi aiki, Allah Ya saka wa wanda ya haɗa shi. Cikin sati biyu jinin ya tsaya. Na fara cin tuwo kamar mai ramuwa, kuma ƙananan ƙwayoyin nan suka kumbura mini kumatu, fuskata ta yi zagaye tana sheƙi, ko da yake ƙafafuna suna nan kamar kara. Matan gida suka samu abin tsokana. "Nafi'u, ko sha-ka-fashe aka ba ka? Ka sam wa amarya mana." Likita ta riga ta gaya mini kumburi ne ba ƙiba ba, amma wa zai saurare ni, ga kumatu kowa yana gani?

Wata Juma'a Baffa ya sa aka soya waina aka raba a ƙofar masallaci, ya tashi bayan sallah ya ce a taya shi godiya, yaronsu da basir ya wahalar ya warke sarai. Aka shafa fatiha, mutane suna ba ni hannu. Da muka koma gida na ce, "Baffa, likita fa ta ce ba ya warkewa."

"Likita Allah ce?" Ya matso da fuskarsa. "Ka saurare ni. Mutanen nan da za mu ba 'ya, kafin su nemi aure sai sun bincika har kaka da kakanni. Kuturta, farfaɗiya, taɓin hankali, duk abin da aka ce yana bin jini. In kalmar nan ta fita daga bakinka, ba Rabi kaɗai ka kashe wa aure ba, har ƙannenka mata. Basir ne, kuma ya warke. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Da manyan ƙwayoyin suka ƙare, na faɗa masa. Ya ce wanda ya warke ba ya shan magani, kuma ga kayan ɗaki a gabansa. Baba ya sayar da riɗin gayaunarsa a ɓoye ya sayo mini na rabin wata, na riƙa shan ɗaya a maimakon biyu don ya daɗe. Shi ma ya ƙare. Ranar da aka rubuta mini in koma asibiti kuwa ta faɗo daidai da ranar gayya, ranar da ango zai kawo abokansa su girbe wa surukinsa dawa. Baffa ya ce ba inda za ni, kuma zan fita gona, a ganni da magirbi a hannu.

A lokacin jinin ya riga ya dawo da kwana shida. Na fita. Ban karya ba, ko ruwa ban sha ba, ina ta addu'a. Muka jera mu fi ashirin muna sare kara muna kwantarwa, mai ganga yana binmu. Wajen hantsi cikina ya yi irin murɗar da na sani. Na duba gabas na duba yamma. Da safe dawar nan ta fi mutum tsayi, da tana tsaye da na shige ciki, amma mu da hannunmu mun kwantar da ita. Gonar maƙwabta an girbe, mata suna kala. Gida kuma da nisa. Na yar da magirbi na fara sauri, ban yi taku ashirin ba abin ya zubo, har dunduniya, ja a kan wando mai haske.

Ganga ta tsaya. Wani daga cikin abokan ango ya yi dariya ya toshe baki. Na tsaya a wurin kamar an dasa ni, ina roƙon ƙasa ta tsage. Sai na ji muryar Baffa, da ƙarfi don kowa ya ji: "Basir ɗin yaran yanzu sai a hankali. Na hana shi cin yaji bai ji ba." Baba ne ya zo ya cire rigarsa ya ɗaura mini a ƙugu, muka taka har gida, shi da singileti.

Saura kwana goma sha biyu biki. Baffa ya ce ba za a kai ni asibiti yanzu ba, a ce gidan amarya suna jinya a birni, tambaya za ta yi yawa. Aka share mini ɗakin ajiyar Inna, inda take zuba kuka da kuɓewa busasshiya, aka sa mini tabarma da bokiti, aka ce wa mutane na koma makaranta. Ina kwance ina jin guɗa da kiɗa, ina jin baƙi suna tambayar ina ɗan boko, ana ce musu ai karatu ya riƙe shi. Zazzaɓi yana kaɗa ni, gwiwoyina sun kumbura, bakina duk gyambo. Inna ce mai fitar da bokitin tun kafin baƙi su tashi. Rabi ta leƙo ranar da za a kai ta, da lalle a hannu, ta ce, "Yaya Nafi'u, ka yafe min." Na ce ba ki yi mini komai ba, kuma har yau haka nake gani.

Washegarin kai amarya Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta tsaya a ƙofar zauren Baffa, a gaban mutane, ta ce, "Yaya, an gama biki. A kai yaron nan asibiti, ko in goya shi in kai shi da ƙafata."

Likita da ta ganni ba ta ko amsa gaisuwar Baffa ba. Ta ce, "Wa ya ce ka daina magani?" Ta ce saura kaɗan da sai an yanke hanjin gaba ɗaya. Sati uku na yi a kwance, leda uku ta jini, allurai ba adadi. Baba yana kwana a barandar asibiti a kan kwali. Wannan karon amfanin gonar da aka girbe ne ya tafi, kuma Baffa bai hana ba.

Sai da na yi wata biyu a gida kafin ƙafata ta ɗauke ni. Da aka buɗe sabuwar shekarar karatu na wanke kayana, na guga, na hau motar birni da murnata. A allon sanarwa na duba jerin 'yan aji biyu, babu sunana. Na duba na 'yan aji uku ko an yi kuskure, babu. Na same shi a wata takarda daban, ta waɗanda aka sallama saboda sun bar karatu babu sanarwa.

Na shiga ofis wurin Malam Ɗanjuma. Na ce, "Malam, ai an kawo wasiƙar likita tun da damina."

"Wace wasiƙa? Baffanka dai ya zo nan da damina, ya leƙo ya ganni, muka gaisa. Na ce lafiya, ya ce wucewa yake yi ya ce bari ya gaida suruki. Na tambaye shi kai, ya ce kana taya su noma."

Na zauna a benci ba tare da an ce in zauna ba. Na ciro katin asibiti da takardar sallama na miƙa masa, na gaya masa komai, har sunan ciwon. Ya karanta a hankali, ya cire tabarau ya ce, "Yo wannan ne abin ɓoyewa? Ciwon hanji? Wa zai fasa aure don wannan? Da takardar nan ta zo hannuna, aikin minti biyar ne." Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kai ni ofis uku. Ko'ina amsa ɗaya ce: jarrabawa biyu ta wuce babu sanarwa, an riga an zauna an sa hannu, sai dai in sake neman gurbi daga farko. Da zai sallame ni ya ce, "Ba zan gaya wa kowa ba, kada surukinmu ya ji kunya." Yana ganin alheri ya yi mini.

Da yamma na sami Baffa a zaure, Baba yana gefensa. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata. Na ce, "Baffa, ina wasiƙata?"

Bai musa ba. Ya ce, "Na je, na ga wanda zai karɓa, na san zai karanta. Na auna na ga gida ya fi mutum ɗaya."

"Malam Ɗanjuma ya ce ko ya karanta ba abin da zai faru."

"Yanzu yake faɗa, da aka ɗaura aure."

Na ce to a sake saya mini fom. Ya ce, "Na faɗa tun farko, dama ɗaya ce. Sa ya tafi, dawa ta tafi, me kuma kake so gidan nan ya yi maka?" Na juya wurin Baba. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Yayana ne, Nafi'u."

An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban yanke ba, a gidan nake har yau, amma ban yafe ba, kuma ba zan rubuta cewa na yafe don labari ya yi daɗi ba. Yanzu ina taya wani mai awo lissafi ranar kasuwa, da abin da nake samu nake sayen ƙwayoyina, katina yana aljihuna, kuma ni kaɗai nake shiga wurin likita. Ciwon yana kwance yawancin lokaci. Ina gode wa likitar nan da ta san ta fitar da manya waje kafin ta yi tambaya, da Inna, da Baba wanda jininsa yake jikina ko da bakinsa bai taɓa tsaya mini ba. Kai kuma mai karatu, in ka ga jini ya wuce sati, ka je asibiti ka faɗi adadin gaskiya ko gaban wa. Takardarka kuma ka kai da hannunka, ko da rarrafe.

Da mutane suka ga an koma makaranta ina gida, dole a ba su dalili. Ba za a ce ciwo ba, tunda an yi sadakar warkewa. Ba za a ce Baffa ya riƙe wasiƙa ba. Sai aka ce na faɗi jarrabawa an koro ni. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma babu wanda ya ƙaryata a gidanmu.

Watan jiya muna dawowa daga jana'iza ni da Baba, muka haɗu da Malam Iliya, tsohon hedimastan firamarenmu. Shi ne ya yi ta sintiri a ƙofar gidanmu shekarun baya har Baffa ya yarda a kai ni kwaleji, kuma ya daɗe yana ba yara misali da ni. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce, "Nafi'u, na ji abin da ya faru. Ni na tsaya maka a gaban Baffanka, na ce kai ba irin waɗanda za su je birni su shashance ba ne. Ka ba ni kunya. Me ya same ka?"

Na dubi Baba. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa, ko da "ba shi da lafiya" ce. Yana kallon takalminsa.

Na ce, "Wasa na yi, Malam. Ban yi karatu ba."

Ya saki hannuna.